Wa zan yarda da shi a maganar kuɗi a intanet?

Malamar Aji Huɗu:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta abin da ake tattaunawa, ban taɓa sa baki ba sai yau da larura ta kama ni.

Ni malamar firamare ce a Funtua, aji huɗu nake riƙe da shi, in na taso kuma ina ɗinkin hijabai da kayan makaranta a gida. Ƙarshen watan jiya na kwashi adashenmu. Mu goma ne, dubu 40 muke zubi duk wata, don haka naira 400,000 ke asusuna yanzu. Maigida ya ce gumina ne, in yi abin da na ga ya dace da su. Tun ranar da uwar adashe ta turo kuɗin nan ban yi barcin kirki ba. Ban taɓa riƙe kuɗi masu yawan haka nawa na kaina ba, kuma na taɓa ƙonewa.

Shekara biyu da suka wuce ƙanena ya sa mini wata manhaja a waya. Za ka zuba kuɗi, kullum da safe ka shiga ka danna wani maɓalli, sai lambar ta ƙaru. Na fara da dubu 20. Bayan sati biyu na cire dubu 6, alat ya shigo ina tsaye gaban allo ina rubuta jadawalin sau bakwai. Sai na ƙara dubu 100, kuɗin da nake tarawa in sayi keken ɗinki mai lantarki. Wata Laraba na danna cirewa, aka ce in jira awa 72. A guruf ɗin WhatsApp aka ce gyara ake yi, kowa ya kwantar da hankalinsa. Daren Alhamis aka rufe guruf ɗin, shugabanni kaɗai ke iya magana. Safiyar Juma'a babu shugaba ko ɗaya a ciki. Har yau hoton fuskar wayar na nan ban goge ba: naira 183,400, da koren rubutu. Ƙanena ya fi ni asara, kuma ban riƙe shi a zuciya ba, shi ma wani ne ya ja shi.

Wannan karon na ce sai na yi karatu kafin in motsa. Sati uku ke nan ina ƙona data. In na rubuta tambaya da Turanci, abin da ke fitowa na mutanen Amurka ne: yadda za ka biya bashin katin banki, yadda za ka tara kuɗin ritaya da dala, gidan da ake biya shekara talatin. Ko ɗayansu bai san adashe ba, bai san kuɗi na iya kwana a asusu su rame kafin Sallah ta zagayo ba. In na koma Hausa, sai TikTok da Facebook su cika ni da samari jingine da mota, kowa shi ne zai koya mini sirrin kuɗi, kuma duk bidiyon da "linki yana ƙasa" yake ƙarewa. Akwai mutum biyu ko uku da nake jin maganarsu ta hankali ce, amma da me zan auna? Wanda ya cinye mini kuɗi ma maganar hankali yake yi.

Ana cikin haka wata ƙawata da muke Islamiyya tare ta kawo mini wani kamfanin noman shinkafa. Kashi 15 cikin 100 duk wata, uwar kuɗinka kuma tana nan ba ta taɓuwa. Ta turo mini satifiket ɗinsu na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da bidiyon gona kore shar, da muryar wani yana cewa babu kuɗin ruwa a ciki, mudaraba ce zalla. An biya ta wata uku a jere, na ga alat ɗin da idona.

Tambayata biyu ce. Ta farko, ku da kuka san harkar, ina kuke zuwa in kuna son magana ingantacciya a kan kuɗi, kuma ta yaya kuke gane mai son ya ilimantar da ku da mai son ya sayar da ku? Ta biyu, matan Islamiyyarmu ni suke tambaya duk abin da ya shafi banki, wai ni ce 'yar boko. Ina tunanin in fara rubuta musu 'yan gajerun bayanai da Hausa ina turawa a guruf ɗinmu. Amma ina tsoron in ɗauki haƙƙin wata. In na faɗi abu ta bi ta yi asara, me zan ce wa Allah?

Baba Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya mayar miki da alherin abin da kika rasa, shi ma ƙanen naki haka. Na yi shekara 27 a aikin banki, yawanci a Kaduna da Zariya, kuma na sha ganin mutum ya zo bakin kanta yana roƙon mu dawo masa da kuɗin da shi da kansa ya tura.

Ke malama ce, bari mu fara da alli. Kashi 15 na 400,000 dubu 60 ne a wata. In ba ki cire ba, kika bar shi yana hawa kan uwar kuɗi, a wata 12 kuɗinki sun zama wajen naira miliyan 2 da dubu 140. Sun ninka fiye da sau biyar. Ke 'yar Funtua ce, ki tambayi kowane manomi a unguwarku ko ya taɓa jin gonar da ke ninka jari sau biyar a shekara. Shinkafa wata uku zuwa huɗu take yi a gona kafin a yanke, a buge, a sheƙe, a kai kasuwa. To wanda aka biya ƙarshen watan farko, daga ina aka biya shi, alhali shinkafar ko kai ba ta fitar ba? Daga kuɗin wanda ya shigo bayansa. Ƙawarki ba ƙarya ta yi miki ba, alat ɗin gaskiya ne. Kuɗin mutane ake ba ta, kuma naki ake jira a biya ta na wata na huɗu.

Ba sabon abu ba ne. MMM kashi 30 a wata ta yi alkawari, ta biya na farko, sannan ta rufe asusun mutane ranar 13 ga Disamba 2016, ana gab da bukukuwan ƙarshen shekara. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi a kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025, kuma hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta fito ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Suna da kalar manhaja ne ke canzawa.

Maganar satifiket ɗin CAC ita ce ta fi damuna, domin da shi ake yanka mutanenmu. CAC rajistar suna ce kawai. Kamar takardar haihuwa take: ta nuna an haifi yaro an sa masa suna, ba ta nuna likita ba ne. Mai shagon siminti ma yana da ita. Wasu za su ƙara miki da takardar SCUML mai tambarin EFCC, ita ma rajista ce ta yaƙi da halasta kuɗin haram, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Duk wanda zai karɓi kuɗin jama'a ya juya musu, dole ya kasance da rajistar SEC. Duk wanda zai karɓi ajiya, dole ya kasance da lasisin Babban Banki, wato CBN. Tun Maris 2025 da aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, mai tafiyar da irin wannan tsarin na fuskantar tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun.

Ga yadda nake yi, kuma haka na koya wa 'ya'yana. Kada ki danna linkin da wani ya turo miki wai ki ga shaida, domin ana ƙera shafi sak irin na hukuma. Ki rubuta adireshin da hannunki, sec.gov.ng ko cbn.gov.ng, ki tabbata ya ƙare da gov.ng. A shafin SEC akwai jerin masu rajista, da irin aikin da aka yarje wa kowa. A na CBN akwai jerin bankuna, manya da ƙanana. Ki nemi sunan harafi da harafi, domin suna ɗaukar sunan kamfani na gaske su ƙara kalma ɗaya. In babu sunan, magana ta ƙare. Sannan ki duba asusun da aka ce ki tura kuɗi. In sunan mutum ne ba na kamfani ba, ki mayar da wayarki jaka.

Kafin ki yanke shawara, kuɗinki ba su cikin haɗari a banki mai lasisi. Tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, da wannan aka biya masu ajiya. Dubu 400 ɗinki na ƙarƙashin wannan rumfar. Babu wanda ya sa miki wa'adi. Wanda ya ce miki "yau ne rana ta ƙarshe", shi ne yake sauri, ba ke ba.

Ɗan Dawanau:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa a kan masu shinkafa haka yake. Ni hatsi nake saye da sayarwa fiye da shekara goma, ban taɓa ganin buhun da ke haihuwa duk wata ba.

Amma inda zan ɗan saɓa, kada Malama ta ji an ce banki rumfa ce ta miƙe ƙafa. Hukumar ƙididdiga ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Wanda ya ajiye dubu 400 a farkon waccan shekarar, a ƙarshenta lambar na nan yadda take, amma ya je kasuwa ya ga abin da za su ɗauko masa. Ɓarawon nan ba ya rufe guruf, a hankali yake ci.

Da a ce shekara uku baya ne, da na ce miki ga kasuwar Dandume nan kusa da ke, ki sayi masara da kaka ki ajiye zuwa damina. Yanzu ba zan ce ba, domin ni na sha. Ƙarshen 2024 duk wanda ka buɗe a Facebook cewa yake a sayi hatsi a ajiye, ba a taɓa faɗuwa. Na cika sito da masara, har da kuɗin wani yayana. Ga shi an buɗe ƙofar shigo da abinci daga waje ba haraji, ga amfani ya yi kyau, a 2025 farashi ya rikito. Na sayar da buhu ƙasa da yadda na saya, ban da kuɗin sito da maganin ƙwari da 'yan dako. Masu rubutun nan ko ɗaya bai dawo ya ce ya yi kuskure ba, sun koma maganar gwal.

Abin da na koya, farashin kaya ba a intanet nake nema ba. Ina da dillalai uku a kasuwanni uku, ina kiran su da safe, in bakinsu ya zo ɗaya na yarda. Ke ma abin da kika sani shi ne ɗinki. Kin san kuɗin yadi, kin san nawa hijabi ke bar miki, kin san watan da iyaye ke neman kayan makaranta. Babu wani mai bidiyo da ya fi ki sanin wannan lissafin. Keken nan da kika so saya tun farko, nawa yake yanzu?

Anti Akanta:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Zan taɓa ɓangaren addini ne, tunda da shi aka shigo miki.

Muryar da ta ce miki mudaraba ce, ita da kanta ta ƙaryata kanta. A mudaraba mai kuɗi ya ba da jari, mai aiki ya juya, a raba ribar da aka samu bisa kason da aka yi yarjejeniya, rabi da rabi ko kashi 60 da 40. Kason na riba ne, ba na uwar kuɗi ba. In an yi asara ba tare da sakacin mai aiki ba, mai kuɗi ne ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. To wanda ya ce miki kashi 15 na kuɗinki tabbas duk wata, kuma uwar kuɗi ba ta taɓuwa, ya bar mudaraba ya koma rance mai ƙari. Ki kai wa malaminku na Islamiyya wannan bayanin yadda yake, da lambobinsa. Yawanci ana samun fatawar "halal ne" saboda an gaya wa malam sunan abu ne, ba a gaya masa yadda yake aiki ba.

Bankunan da ba ruwa suna nan da lasisinsu: Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, Lotus tun 2021. Kowane ɗaya dole yana da kwamitin malamai masu duba kayayyakinsa, kuma Babban Banki na da nasa kwamitin a sama da su. Wannan ba ya nufin komai nasu zai yi miki daidai, amma akwai wanda za ki riƙe da suna da ofis.

Ni abin da na gwada da kuɗina Sukuk ne na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, na farko, a 2017. Naira biliyan 100 aka nema, shekara bakwai, kuɗin haya kashi 16.47 a shekara, ana biya sau biyu a shekara, kuma da dubu 10 ma ana shiga. Hanyoyi aka gina da kuɗin, in kin bi hanyar Kano zuwa Maiduguri za ki ga allunan. Ofishin kula da basussuka, DMO, shi ke sanar da shi a shafinsa, kuma ba kowane wata ake buɗewa ba. Akwai wani nasu da ake buɗewa duk wata da dubu 5, amma shi kuɗin ruwa yake biya, kada ki haɗa su.

Lura da lambar nan: 16.47 a shekara. Gwamnati guda ke nan. Masu shinkafa kuma 15 a wata.

An biya ni kowane kuɗin haya a kan lokaci, an dawo mini da uwar kuɗina a 2024. Sai dai zan gaya miki ɗaya rabin da masu talla ba sa faɗa. Lokacin da na saka, dala tana wajen naira 360. Lokacin da aka dawo mini da kuɗina ta haura 1,500. Ban yi nadama ba, amma ban yi arziki ba. Kuma kuɗin a ɗaure suke, in kina so kafin wa'adi sai kin sayar ta hannun dillalin hannun jari, a farashin ranar. Don haka kada ki saka kuɗin da za ki nema in yaro ya kwanta rashin lafiya.

Baba, a gafarce ni, ƙari ɗaya a kan maganarka. Rajistar SEC tana kore ɓarawo ne, ba ta kore asara. Inshorar NDIC ma ajiyar banki ta rufe, ba ta rufe hannun jari ba. Na ga mutanen da suka ji kalmar "mai lasisi" suka ɗauka an ce "tabbas".

Mai Rubutu daga Gombe:

Malama, tambayarki ta biyu ce ta sa na kasa wucewa. Ina rubutu a kan kuɗi da Hausa a Facebook tun 2021, kuma zan gaya miki abin da ban cika faɗa ba.

Mai rubutu ma yana cin abinci, kuma masu karatu ba sa biyan sa. To wa ke biya? Ko kamfani ya ba ka kuɗin talla kai tsaye, ko ya ba ka linki mai lambarka, duk wanda ya shiga ta nan ya zuba kuɗi kana da kamasho. Shi ya sa kika ga kowane bidiyo da linki yake ƙarewa. Ki tuna lokacin Hamster Kombat a 2024, da kowa ke dangwalar waya a majalisa da cikin Keke. Masu koyar da mainin, wato tara kuɗin kirifto ta dangwalar waya, da yawa ladan gayyata suke nema, ba ilimi suke rabawa ba.

Ni ma na yi. Wani kamfani ya ba ni dubu 30, da kashi 5 na duk abin da mutanena suka zuba. Na tambaye su takarda, suka turo CAC, na ce ya isa. Na rubuta "na bincika", alhali binciken bai wuce kallon hoto ɗaya ba. Wata biyar suka ɓace. Wani mai Keke Napep ya nemi lambata ya kira ni. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam, ni ban san su ba, kai na sani." Dubu 85 ya saka, kuɗin da yake tarawa ya kammala biyan Keken. Na biya shi a hankali cikin wata bakwai. Amma mutum 41 ne suka shiga ta linkina, shi kaɗai ya kira.

Tun daga nan na daina karɓar talla a kan duk abin da ake zuba kuɗi. In zan karanta wani kuma, abin da nake dubawa ke nan. Ina komawa baya a shafinsa shekara ɗaya ko biyu in ga abin da ya taɓa yabawa, yanzu yana ina. In ya goge tsofaffin rubuce-rubucensa, na san dalili. Ina duba ko ya taɓa cewa "na yi kuskure" ko "wannan ban iya ba". Ina duba ko yana faɗin inda ya samo lamba da ranar da aka fitar da ita. Kuma ina duba yadda yake amsa wanda ya yi masa tambaya mai wuya: in ya ce masa maƙiyin ci gaba ne, ko ya toshe shi, na gama da shi.

Ki yi rubutunki, Malama, ana bukatar sa sosai, musamman daga mace zuwa mata. Tsoron da kike ji shi ne zai tsare ki. Ki koya musu yadda abu ke aiki, kada ki ce musu "ku saka a nan". Kada kuɗin kowa ya bi ta asusunki, ko na ƙanwarki ce. Ki sa kwanan wata a kan kowane rubutu, domin lambar da ke daidai bana za ta zama ƙarya baɗi, kuma saƙon WhatsApp ba ya mutuwa, za ki gan shi yana yawo bayan shekara uku.

Sai ki kula da kalmomi, nan ne Hausa ke ba mu wahala. Riba a bakinmu ita ce abin da ɗan kasuwa ya samu a kan jarinsa, halal tsarkakakkiya. A Larabci kuma kalmar da ta yi kama da ita ce haramtacciyar. Na taɓa rubuta "ribar Sukuk", aka yi kwana biyu ana faɗa a ƙarƙashin rubutun, rabi sun ɗauka na ce akwai haram a ciki. Yanzu "kuɗin ruwa" nake cewa ga wancan, "riba" ga ta ciniki, "kuɗin haya" ga Sukuk, ba na musanyawa. Haka "hannun jari": wasu na nufin mallakar wani yanki na kamfani, wasu na nufin duk inda aka zuba kuɗi. Mayaudara na son wannan duhun, domin a cikinsa suke kiran abinsu hannun jari.

Malamar Aji Huɗu:

Baba, Anti, Ɗan Dawanau, Malam na Gombe, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na karanta amsoshinku ya fi sau biyar.

Daren jiya bayan yara sun yi barci na rubuta adireshin SEC da hannuna kamar yadda Baba ya ce. Na ɗan sha wuya kafin in gano jerin, shafin duk Turanci ne, amma na samu. Babu sunan kamfanin shinkafar. Na gwada da cikakken suna, na gwada da rabi, babu. Na koma saƙon ƙawata na duba lambar asusun da ta ce in tura, sunan mutum ne. Sati biyu saƙon na wayata ban lura ba.

Abin da ya fi mini nauyi shi ne gaya mata. Yau bayan an tashi daga Islamiyya na ja ta gefe, na yi mata lissafin Baba a bayan littafina. Ta yi shiru, sannan ta ce hassada ba ta da kyau, ta ja hijabinta ta tafi. Daga baya na ji kuɗin sarƙarta ta sayar ta saka, kuma ta shigar da yayarta da kishiyar yayarta. Na tura mata saƙo na ce ko ba ta yarda da ni ba, ta gwada neman uwar kuɗinta gaba ɗaya ta ga abin da za su ce. Ta karanta ba ta amsa ba. Ku sa ta a addu'a, mutuniyar kirki ce.

Ɗan Dawanau, na je na tambayi kuɗin keken. Ya tashi sosai a kan yadda na bar shi, amma wata tela a Tudun Wada za ta sayar mini da nata na hannu, maigida zai raka ni da mai gyara ranar Asabar mu duba. Na zauna na lissafa hijaban da nake mayarwa saboda ba na iya gamawa kafin a koma makaranta, na ga keken zai biya kansa. Abin da ya rage zan raba biyu, rabi ya zauna don larura.

Rubutun farko na fara shi, a kan bambancin takardar CAC da rajistar SEC. Na ari misalin takardar haihuwa, Baba, in ka yarda. Na sa kwanan wata a sama.

Saura tambaya ɗaya. In aka buɗe Sukuk ina son in gwada da dubu 50. Daga Funtua ta ina zan bi, tunda ban san dillalin hannun jari ko ɗaya ba?

Baba Mai Ritaya:

Na ba ki misalin, 'yata, ki yi amfani da shi. Ƙawarki kuma kada ki yanke ta, ranar da abin zai faru ke za ta fara nema.

Sukuk ba sai kin je Abuja ba. Ki riƙa leƙa dmo.gov.ng. Ranar da aka buɗe, za su sa takardar sanarwa da fom, da sunayen bankuna da kamfanonin da aka amince su karɓi kuɗi. Ki buga fom ɗin ki kai reshen ɗaya daga cikin bankunan da ke jerin, ki ce a haɗa ki da mai kula da zuba jari, ba mai kanta ba. Ki tafi da BVN da NIN da hoton fasfo. Za su nemi lambar asusun CSCS, inda ake ajiye shaidar mallakarki. In ba ki da shi, dillali ne ke buɗewa, sai ki duba sunansa a jerin SEC kafin ki sa hannu. Ba a cika barin ƙofar a buɗe fiye da sati ɗaya ko biyu ba, don haka ki buɗe asusun tun yanzu. Ki biya a lambar da ke jikin sanarwar kawai, ki karɓi rasit, ki ɗauki hotonsa.